Ma'aunin Sauti a Hanyar Jibiya: Wa Ya Ce Wannan Ne Daidai?



Da zarar an ce a rubuta tarihi, hankalin yawancinmu kan tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Amma ƙaramin abin da za a ɗora a kan tebur ma yana da nasa tarihin. Wannan makon za mu ɗauki wata na'ura da da yawa daga cikinmu ba mu taɓa gani ba, wato ma'aunin sauti mai faifai, wanda makaɗan Amurka da Turai suka yi shekaru suna saita kayan kiɗansu da shi. Tsofaffin irinsa yanzu sun zama kayan kwance. Tambayar da za mu bi ita ce: idan mai sitidiyo a Katsina ko Maraɗi ya tsinci wannan na'ura cikin kayan kwance ya saya, me ya shigo da shi ɗakinsa? Domin duk wani ma'auni, daga mudu har zuwa sikeli, akwai waɗanda suka zauna suka yanke girmansa, kuma mai saye yakan sayi hukuncinsu tare da kayan.

HANYAR DA KAYAN KWANCE KE BI

Mu fara da hanya. Wanda ya tashi daga Katsina zai tafi Maraɗi, ta Jibiya zai bi, ya tsaya a shingen Magama, ya tsallaka ya faɗa Ɗan Isa. Garuruwan nan biyu, Katsina da Maraɗi, 'yan gida ɗaya ne. Lokacin da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi. Da sarauta ta yi ƙaura, tambura da kakaki da algaita da masu busa su sun bi ta.

Iyakar da muke gani yau daga baya ta zo. Ingila da Faransa sun ja layi a takarda a 1890, daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Cadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ne ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi. Daga nan ɗan Jibiya da ɗan Ɗan Isa suka zama 'yan ƙasa biyu, da kuɗi iri biyu da harshen boko iri biyu, alhali kalangu ɗaya ke tashe su rawa.

Bayan samun 'yancin kai wannan hanya ta zama jijiyar fatauci. Kaya kan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau zuwa Gaya, su biyo ta Ƙonni su iso Maraɗi, daga nan alhazan Maraɗi da abokan cinikinsu na Katsina da Kano su san yadda za su tsallako da su. Sunan da muke kiran motocin hannu da shi, 'yan Kwatano, shaida ne na wannan tafiya. Kuma ba motoci da gwanjo kaɗai ba ne, har da rediyo da lasifika da fiyano da sauran tarkacen lantarki da Turawa suka gama yayinsu. Hanyar takan toshe ta buɗe gwargwadon siyasa. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Duk wanda ke sana'ar da ta dogara da kayan hannu ya ji waɗannan ranaku a aljihunsa.

YADDA IYAYENMU KE SAITA KAYAN KIƊA

Kafin mu buɗe na'urar, mu tambayi abin da ta tarar. Makaɗin Hausa bai taɓa rasa hanyar saita kayansa ba. Mai goge yana da ƙoƙon duma da aka rufe da fatar guza, da izgar doki, da ɗan itacen da ake kira jaki wanda izgar ke hawa. Idan amon ya yi ƙasa sai ya ƙara ɗaure izga ko ya gusa jaki, ya shafa ƙaro a bakan, ya ja ya saurara. Mai gurmi da mai garaya kan tura ɗaurin fatar da ke riƙe da tsarkiya a jikin sanda, sama ko ƙasa, har kunne ya gamsu. Mai kotso kan liƙa nake a tsakiyar fata don amon ya yi nauyi. Da damina, idan raɓa ta sa fata ta saki, a kai ganga rana ko a gasa ta a gefen wuta. Da hunturu kuwa, fata kan ɗaure da kanta har a ji tsoron kada ta tsage.

To da me suke gwadawa? Da maƙogwaron mawaƙi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsarkiya ɗaya ce a kuntiginsa, kuma inda muryarsa ta zauna nan yake ɗaure ta. Makaɗan Mamman Shata muryar Shata suke bi, su kuma 'yan amshi su bi bayansu. Haka Haruna Uji da gurminsa. Idan mawaƙi ya kwana yana waƙa murya ta dushe, kayan kiɗa ne ke sauka su same shi. Babu wani sauti guda da aka ajiye a Kano ko Sakkwato da kowa zai zo ya auna nasa da shi, kuma ba a taɓa buƙatarsa ba.

Akwai dalili na biyu da ya kamata marubuci ya fi kowa ganewa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Kalangu kuwa don ya yi magana aka gina shi: makaɗi ya matse tsarkiya amo ya hau, ya sassauta ya sauka, ta haka yake faɗin take da kirari har wanda ake kiɗa wa ya ji sunansa. Gangar da aikinta ke nan ba ta da sauti guda da za a ce ta tsaya a kai.

YADDA TURAWA SUKA YI TA JAYAYYA A KAN SAUTI GUDA

A Turai matsalar daban ce. Suna haɗa makaɗa da yawa a dandali ɗaya, da kayan busa na ƙarfe da fiyano waɗanda ba a sauya musu sauti cikin sauƙi. Idan an ƙera abin busa a wani gari aka kai shi wani, sai a tarar bai jitu da na can ba. A 1711 wani mai busa ƙaho a fadar Ingila, John Shore, ya ƙirƙiro ɗan ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, wanda idan an buga shi yake ba da sauti guda da ba ya sauyawa. Sai dai kowane gari da nasa ƙarfen, kuma sauti ya yi ta hauhawa saboda makaɗa na son amo mai kaifi, mawaƙa kuwa suna kukan maƙogwaronsu.

Sauti karkarwa ce, kuma ana ƙirga ta: sau nawa abu ya kaɗa a daƙiƙa ɗaya. A 1859 gwamnatin Faransa ta kafa doka cewa sautin da suke kira A ya zama karkarwa 435 a daƙiƙa. A 1939 wani taron ƙasashe a Landan ya zaɓi 440. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da 440 a 1955, ta sake tabbatar da shi a 1975. Ku lura da kyau: daidai na 1859 ya zama kuskure a 1939, ba don kunnen ɗan Adam ya sauya ba, sai don wani kwamiti ya sake zama.

Bayan wannan akwai rabon tsani. Daga sauti zuwa ninkinsa, misali daga 440 zuwa 880, fiyano ya raba tazarar gida 12 daidai wa daida. Masana sun ƙara raba kowane gida kashi 100, suna kiran kowane kashi senti, ya zama senti 1200 ke nan gaba ɗaya. Wannan rabo ma sulhu ne aka yi don a iya kaɗa waƙa daga kowane maɓalli. Akwai tazarar da kunne ke jin ta zauna sumul a senti 386, amma fiyano 400 yake bayarwa. Wato shi kansa fiyanon da muke ɗauka alƙali ya kauce da senti 14, an dai saba da shi ne. Tsakanin 435 na Faransa da 440 na Landan kuwa akwai kusan senti 20.

NA'URAR KANTA

A 1936 kamfanin C.G. Conn da ke garin Elkhart a jihar Indiyana ta Amurka, mai ƙera kayan busa, ya fito da na'urar da ya kira Stroboconn. Hikimarta kowa ya taɓa ganin irinta. Kun lura a fim yadda tayar mota mai gudu kan yi kamar ta tsaya, ko tana juyawa baya? To haka ne. A cikin na'urar akwai faifai mai zanen baƙi da fari, inji yana juya shi da gudun da ya dace da sautin da ake nema. A bayansa akwai fitila da ke ƙiftawa daidai da karkarwar sautin da makirufo ya ɗauko. Idan ƙiftawar fitila da gudun faifai suka zo ɗaya, sai ido ya ga zanen ya tsaya cak. Idan sautin ya yi sama, zanen ya riƙa tafiya gefe guda. Idan ya yi ƙasa, ya koma ɗaya gefen. Gudun tafiyar shi ke nuna girman kaucewar.

Stroboconn na farko faifai 12 gare shi, kowane gida na fiyano da nasa, ga nauyi ga tsada, sai makarantu da masana'antun kayan kiɗa. Daga baya Conn ya yi ƙarami mai faifai ɗaya, Strobotuner, wanda ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa da bayan dandalin manyan mawaƙa. A 1967 kamfanin Peterson na jihar Illinois ya fito da nasa, Model 400, wanda ya rabu da kwalaben lantarki masu zafi na da. Irin waɗannan na'urori kan gane 'yar ƙanƙanuwar kaucewar da kunnen mutum ba ya kamawa. Sai a 1975 kamfanin Korg na Japan ya fito da ƙaramin ma'auni mai allura da za a riƙe a hannu. Bai kai mai faifai ƙwarewa ba, amma ya fi arha da sauƙin ɗauka. Yau kuwa wayar hannu ma tana yin aikin. Ta haka manyan akwatunan suka sauka daga kan tebur suka shiga kasuwar kwance.

ALƘALI KO MAGATAKARDA

A nan ne tarihin ya rabu biyu. Shi wannan senti da na'urar ke ƙirgawa, wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya fito da shi. A 1885 ya buga sakamakon awon da ya yi wa kayan kiɗan al'ummomi daban-daban, ya nuna cewa tsanin sauti ba guda ɗaya ba ne a duniya, kowace al'umma da yadda ta tsara nata. Ke nan tun asali an ƙirƙiri ma'aunin ne don a rubuta bambanci. Hugh Tracey, wanda ya kafa ɗakin adana kiɗan Afirka a Afirka ta Kudu a 1954, ya yi ta yawo a gabashi da tsakiya da kudancin nahiyar da jerin ƙarafan gwaji, yana rubuta saitin kowane makaɗi kamar yadda ya same shi. Masu bincike a jami'o'in Amurka sun yi amfani da Stroboconn wajen auna kayan kiɗan Indonesiya. A ƙasar Hausa, David Ames da Anthony King sun buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, daga baya malamanmu irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa da Hausa.

Ɗaya reshen shi ne wanda ya fi shafar mu. A shekarun 1970 wani ma'aikacin UNESCO ɗan Nijar, Mamman Sani, ya sayi wani organ na lantarki ƙirar Italiya, na hannu, a wurin wani ɗan Ruwanda da suka haɗu a taro. Ya riƙa kaɗa karin waƙoƙin gargajiya da shi, ya ɗauki kaset a 1978, kiɗansa ya zama abin da gidajen rediyo da talabijin na Nijar ke sakawa tsakanin shirye-shirye. A Kano, ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya mamaye sitidiyon masu fim, kuma bayan farin jinin da Sangaya ya yi, kusan kowace waƙar fim da shi ake kaɗa ta. A 1997 kamfanin Antares ya fito da manhajar Auto-Tune, mai jan muryar mawaƙi ta ajiye ta a kan gida mafi kusa cikin gidaje 12 na fiyano.

Babu mai musun cewa waɗannan kaya sun buɗe wa dubban matasa hanyar abinci, sun kuma haifar da waƙoƙin da muke so. Amma ku dubi abin da ya juya. A da kayan kiɗa ke bin murya, yanzu murya ke bin fiyano. Idan aka gayyato mai goge sitidiyo aka ji bai jitu da fiyano ba, shi ake cewa ya gyara. Idan muryar dattijo ta sauka tsakanin maɓalli biyu, kwamfuta kan ɗauke shi kuskure ta goge. Alhali wataƙila wannan ɗan tsakanin shi ne abin da ya koya a wurin ubansa, shi ne kuma abin da ke sa a ji goge a san na wane gida ne.

IDAN ZA KA SAYA

Ga wanda irin wannan na'ura ta faɗo wa a hannun dillali, ko a Maraɗi ko a Jibiya ko a Kano, akwai abubuwan dubawa. Na farko wuta. Wadda aka yi don kasuwar Amurka wutar 110 zuwa 120 take ci, tamu kuwa a Nijeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Ka jona ta kai tsaye ka ƙone ta, sai da taransifoma mai rage ƙarfi. Ban da haka wutar Amurka sau 60 take kaɗawa a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma wannan kan shafi tsofaffin injuna, balle a haɗa da janareta mai hawa da sauka. Na biyu, a kunna a bar ta ta ɗumama, a ga ko faifan na juyawa ba tare da gurnani ko tangaɗi ba, fitilar kuma na haskawa sosai. Na uku, a gwada ta da sautin da aka tabbatar, kamar 440 daga waya: idan zanen bai tsaya ba, ma'aunin ne ke buƙatar a auna shi. Na huɗu, a tambayi kai wa zai gyara ta idan ta lalace, don kayan gyaranta ba a kan tebur suke a kasuwa ba. Sayen na hannu ba a gwada ba, sayen kifi ne a ruwa.

Sannan a san iyakarta. Tana son sauti mai tsayi da ke zaune wuri guda, irin na goge ko sarewa ko algaita. Ka kawo mata kalangu yana magana, faifan ba zai tsaya ba, don amon yana zamewa ne daga sama zuwa ƙasa kamar yadda harshe ke yi. Laifin ba na kalangu ba ne.

Idan don saita jita ko fiyano ne kawai, manhajar waya ta wadatar, a adana kuɗin. Inda wannan awo ke da daraja a wurinmu shi ne a juya shi ya zama magatakarda. A je wurin tsohon mai gurmi ko mai kukuma, a bar shi ya saita kayansa yadda ya saba, kada a taɓa masa komai. Sai a auna kowace tsarkiya da kowane matsi na yatsa, a rubuta senti nawa ya ɗara ko ya gaza na fiyano, a rubuta sunansa da garinsa da wanda ya koya masa da lokacin shekara. A koma da damina a sake. A yi wa na Jibiya, a tsallaka a yi wa na Maraɗi, a ga ko shekaru fiye da ɗari na iyaka sun raba kunnuwansu. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya, kuma marigayi Malam Maman Barka mai gurmi, wanda ya rasu a 2018, ya yi aiki a can. Amma gurmin da aka rataye a bango tsarkiyarsa kan saki. Saitin yana kunnen mai shi, kuma yakan tafi tare da shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU MARUBUTA

Wanda ba shi da na'ura ma yana da aiki a nan. Yawancin labaranmu idan sun zo wurin biki sai su ce makaɗa suka goce da kiɗa, shi ke nan. Ba ma ganin yaron da ke riƙe ganga a gefen wuta yana taɓa fatar da ɗan yatsa, ba ma jin abin da ubangidansa ke ce masa idan ta yi ko ba ta yi ba. Waɗannan kalmomi suna nan a bakin masu sana'ar, kuma sun bambanta daga gari zuwa gari. Cikin makon nan, duk wanda ke da makaɗi a unguwarsu ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi yadda yake sanin kayansa sun saitu, da sunan kowane sashe na kayan, ya rubuta da bakin mai maganar ba tare da ya gyara masa Hausa ba. Wanda ya samo, ya kawo mana nan mu ƙaru da juna.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.